Kar a Kashe Ta, Yanzu Za Ni Dawo

Marka ta sauka mana a Sabon Birni tun shekaranjiya. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, yayyafi ne da ba ya gajiya, irin wanda ke narkar da gishiri a cikin gwangwani, ya hana ashana kamawa, ya sa zanen da aka shanya ya wuni ya kwana yana warin danshi. Yau da safe ina zaune a bakin ƙofa da ƙwaryata a cinya, sai na ji Balki, matar ɗana, ta kunna kwamfuta a shago. Kwamfutar ta yi ɗan kukan nan da take yi in za ta tashi. Na ajiye ashanar da ke hannuna. Kowace shekara in marka ta zo sai ta ja ni ta kai ni wata markar da ta wuce, ko ina so ko ba na so. Bana na ce bari in rubuta, da wannan hannu nawa na ajin yaƙi da jahilci, mai tafiya a hankali kamar mai shi.

Ɗana na fari ne. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ni kuwa na riƙe abin da gaske. Tun yana goye ban taɓa faɗar sunansa ba, ko a gaban likita. Sai dai in taɓa wadda ta rako ni ta faɗa. In ina son kiransa sai in ce “kai”, shi kuma ya san wannan “kai” ɗin nasa ne ko yana tsakiyar yaran unguwa. Da ya girma ya buɗe shago sai na samu sauƙi, na koma ce masa Mai Shago. Haka za ni kira shi a nan ma.

Amma abin ya faro tun kafin shagon, muna ƙauyenmu na bayan Gatawa, Malam mahaifinsa yana da rai.

A gidanmu rumbu na Malam ne. Shi ke hawa, shi ke aunowa, kuma ba ya hawa sai ya dawo daga masallaci ya gama laziminsa, gari ya yi haske. Ni kuwa tun assalatu nake tashi. Tsakanin tashina da buɗe rumbu akwai aiki mai yawa: wuta, ruwan zafi, kunun masu zuwa gona. Don haka duk abin da nake bukata a wannan tsakani ina da inda nake soke shi. Ashana a cikin jinka, can sama inda ɗigo ba ya kaiwa. Kanwa a wani gurbi a jikin bango. Ɗan kullun da na rage daga jiya a ƙarƙashin gado, an kife shi da akushi saboda kaji. Wuƙa a bayan randa. Ba wanda ya tsara mini. Kowanne inda hannu ya kai shi ran farko nan ya zauna. In na kwanta ciwo gidan kan rikice, don ba mai sanin maɓoyata.

Wata damina ya dawo hutu daga Sakkwato, inda yake karatun kwamfuta, don ya taya mahaifinsa noma. Lokacin gero bai yi ciki ba, na rumbu kuma ya yi ƙasa har sai Malam ya shiga ciki da ƙafafunsa kafin ya ɗebo. Tuwo sau ɗaya, da rana kwaɗon tafasa. Ya zo da wata kwamfuta ta hannu, tsohuwa, da yakan kai Gatawa ranar kasuwa a cika mata wuta. Wata safiya na fito ɗaukar ashana na same shi a bakin ƙofa, ya ɗora ta a gwiwa ya zuba mata ido. Fuskarta baƙa, da fararen rubutu da suka tsaya cak.

“Mi ya same ta?” na ce. “Kana kallon ta awa mai jinya.”

“Ta farka rabi, Inna. Ta ƙi ida tashi.”

“To yayyafa mata ruwa. Haka nake yi maka.”

Ya yi dariya har ya dafe ta kar ta faɗi. Sai ya ce, “Inna, in tambaye ki. In kin tashi Baba bai buɗe rumbu ba, ina kike aje kayan aikinki?”

Na lissafa masa: jinka, gurbi, ƙarƙashin gado, bayan randa.

“To ita ma haka take.”

Ya bayyana mini a hankali, yana nuna rubutun da tsinke. Wai kwamfuta tana da babban rumbu inda ake ajiye komai, hotuna da takardu da duk abin da ba a so ya ɓata. Amma in an kunna ta, rumbun nan ba ya buɗuwa nan take. Kafin ya buɗu akwai wasu ƙananan ma'aikata a cikinta da ke riga kowa tashi: wannan ya duba abin da aka jona mata, wancan ya shirya hanyar buɗe rumbun. Suna bukatar inda za su bar wa juna ɗan saƙo, cewa na tashi, na gama kaza, wane ya shigo. Da can ba su da wuri, sai kowa ya soke nasa a lungun da ba don haka aka yi shi ba, kamar ashanata a jinka.

“Yanzu masu yin ta sun shirya, sun ce a bar ɓoye-ɓoye,” ya ce. “Sun yi wuri guda a bakin ƙofa, shi ke fara buɗuwa kafin komi, kowa ya aje nan. Kuma ba cikin rumbu yake ba, a ka take riƙe da shi. In an kashe ta an share shi ke nan. Gobe a fara sabo.”

“To mi ya hana ta tashi, tunda an gyara mata gida?”

“Wani tsoho ne a ciki bai ji labari ba. Shina ta zuwa tsohon lungu, bai iske komi ba, ya tsaya, kowa ya tsaya a bayansa.”

“Awa Babanka da buta.”

“Ni ban ce ba,” ya ce, yana waigen ƙofar gida.

Maganin, wai, a bar alama a tsohon wuri mai cewa an koma can. Ya yi ’yan rubuce-rubuce, ya kashe, ya kunna, sai ga ta ta tashi garau da hoton wani kogi a fuskarta. Na tambaye shi sunan sabon wurin. Ya faɗa da Turanci, wata ’yar gajeruwar kalma, ya ce ma'anarta gudu.

“Gudu? Allah shi raba mu da gudu.”

“Ba irin wannan ba, Inna. Gudun aiki, awa yadda ruwa ke gudu.”

“Ko wane iri ne, Allah shi raba mu.”

A ranar na ɗauko wata ƙwarya mai faɗi, na tara mata ashana da kanwa da gishiri da wuƙa da ’yar tasar kullu, na rufe da faifai, na ajiye ta daga cikin ƙofar ɗaki. Na kuma roƙi Malam ya riƙa auno mini na kunun safe tun da yamma. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi ɗansa, ya ce, “Yanzu ɗan boko ke tsara mini gida?” Ba a jima ba na buɗe faifan na ga tocilarsa a ciki. Na mayar da faifan na rufe.

Shekaru suka wuce. Ya gama karatu, ya kama shago a Sabon Birni kusa da tasha, da ɗakuna biyu a bayansa. Yana buga wa mutane takardu, yana cika musu wayoyi da wutar sola, don wutar gwamnati ta daɗe da manta hanyar unguwar. Ya auri Balki, ya koya mata aikin har ta fi shi saurin hannu. Malam ya rasu a gadonsa, cikin mutanensa, kafin ƙasa ta lalace. A lokacin ina kukan ya yi saurin tafiya. Yanzu ina ganin gata aka yi masa.

Ran da gudun ya zo, da hantsi ne. Mutanen ƙauyen gabanmu suka shigo ba takalmi, ba wanda ya tsaya bayani. Rumbu cike yake, don ba a daɗe da girbi ba, amma rumbu ba ya ɗaukuwa. Na duba ɗaki, na duba tsakar gida, hannuna ya kai kan abin da ke bakin ƙofa. Kafin in fita na ɗauki gawayi na rubuta a jikin ƙyaure: mun koma shago. Ban san wa nake rubuta wa ba. Mai Shago ya tare ni a hanya da babur. Ya ga ƙwaryar a kaina, na gaya masa abin da na rubuta, sai ya yi yaƙe ya ce, “Inna ta bar alama a tsohon wuri.” Daga baya muka ji an ƙone rumbun.

Daminar da ta biyo ita ce wadda marka ke kai ni.

Gari ya cika da baƙi irinmu, a makarantu, a ƙarƙashin rumfunan kasuwa, a zaurukan mutanen kirki. Hatsi ya yi wuya. Mata kan fita ɗiban tafasa da rama a bakin gari, su dawo kafin rana ta yi sama, don bayan gidan ƙarshe ba a san abin da ke kwance a cikin ciyawa ba. Kunun da muke damawa, kana ganin gindin ludayi ta cikinsa. Balki na shayar da Nana, ’yar tana tsotso tana saki tana kuka. In ruwa ya tsaya, kwanon rufi ya riƙa huro zafi mai jiƙa, kamar an rufe mutum a tukunyar dambu, da yamma kuma sauro ya karɓa. Ni da na saba jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar gona, sai warin lambatu.

Mai Shago ya ce ba zai zauna yana kallon ƙasar ubansa ta kwana ba shuka ba. Na ce ya bari. Ya ce, “Mutanen da ba su ci ba ba su buga takarda, Inna. Shagon ma yunwa yake ji.” Suka haɗa kai da wasu, su tafi tare da safe a babura, su dawo kafin azahar. Shukar ta yi kyau, abin haushi. Yakan zo mini da ganyen gero a aljihu in gani, baƙi ƙirin, kamar ƙasar tana ba mu haƙuri.

Ranar maimai, wato noma na biyu, yana cikin buga wa wani takarda abokan tafiyarsa suka iso suna danna ƙaho. Ya miƙe, ya ɗauki hauya, ya ce wa Balki, ni ma ina ji, “Kar a kashe ta, yanzu za ni dawo.” Ina tsaye a ƙofa da ƙwarya. Ya juya babur. Na so ya tsaya ya sha kunu, na ce “kai”, amma ƙarar babura ta haɗiye muryata, kuma a cikin maza masu yawa haka kowa “kai” ne. Bai waiwayo ba.

Da la'asar aka kawo mana hauyar. Waɗanda suka tsira suka ce an kora shi da wasu an yi dajin wajen Isa da su.

Masu kwasar mutane sukan kira, kowa ya san wannan. Saboda haka rayuwarmu ta koma kan wayar Balki. A lokacin layukanmu sun ɗauke, sai na ƙetare, abin da mutanen Nijar ke ce wa rezo, shi ma ba ko'ina yake sauka ba. A gidanmu reshe guda ne na darbejiyar tsakar gida ke kama shi. Muka sa wayar a leda muka rataye ta can, kullum ɗayarmu na zaune a ƙarƙashi. In Balki na wanki ni ce mai gadi, in ina salla ita ce. Iska ta kaɗa ledar, sai gabanka ya faɗi.

Kwamfutar kuwa ita ce dai tsohuwar nan, batirinta na ciki ya mutu tuntuni. In aka zare igiyarta nan take take ɗaukewa. Washegarin ranar da aka tafi da shi na ga Balki ta nufe ta da tsumma, na riƙe mata hannu. Na tuna maganar bakin ƙofa: in an kashe ta an share shi ke nan. Na ɗauka duk aikinsa da hotunansa ne za su tafi.

“A'a, Inna,” in ji Balki. “Waɗannan suna rumbu, ba abin da zai same su. Ƙura kawai za ni goge. Abin da ke sharewa ɗan kaɗan ne. Zo ki gani.”

Ta buɗe baƙar fuskar nan, ta buga wata kalma mai baƙi uku. Sai ga layi ya fito. Ta matsa gefe ba ta karanta ba, don ita ma bakinta bai taɓa kama sunan mijinta ba. Baban Nana take cewa. Na sunkuya na bi baƙaƙen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malamarmu ta koya mana. Sunansa ne. Wanda aka raɗa masa a ƙofar gida ina ɗaki ina jin guɗa. A gefensa ranar da ya fita.

“Mi take nufi?”

“Tana nufin shina ciki. Ya shiga bai fita ba.”

“In an kashe fa?”

“Sai ta manta. In ta tashi ta tambayi wa zai shiga.”

Na ce to, ba za a kashe ta ba. Ba ta ce in bari ba, ni ma ban ce mata don me ba.

Daga nan na samu aiki. Bayan asuba in hau benci in goge faifan sola da ke kan rufin shago, don Mai Shago ya ce ko kashin tsuntsu na rage masa ƙarfi. Muka daina kunna fanka, muka daina kunna ƙwan lantarki, muka daina karɓar wayoyin mutane. Abin da rana ta bayar na mutum biyu ne, kwamfuta da wayar darbejiya. Kullum kafin in dama kunu sai in ce, “Balki, duba mana.” Ta buga, in karanta, in tafi murhu. Da na ga ina wahalar da ita da goyo, sai na koyi baƙaƙen uku da kaina. Su kaɗai na iya a kwamfuta har yau.

Akwai wata maƙwabciyarmu, Tumba, da ta gudo daga wajen Kamarawa, mace mai baki. Ta gan ni a kan benci wata safiya ta ce, “Yaya, mu muna neman abin sa wa ciki, ke kin samu ƙarfe kina ciyarwa.”

“Rana take ci, Tumba. Rana kuwa ba a auna ta da mudu.”

“To in ta ƙoshi ki aiko mini da sauran.”

Da yamma sai ga ta da ɗan ƙuli-ƙuli a bakin zane, wai a sa wa mai shayarwa a kwaɗo.

Haka muka yi ta tafiya. Gero a gonakin bakin gari ya yi ciki, ya fara fidda kai. Wayar ba ta yi ƙara ba, sai masu tambayar ko an ji wani abu. Ni kuwa kowace safiya akwai wuri ɗaya a duniya da ke cewa yana nan, bai fita ba. Na san ƙarfe ne. Ba hauka nake ba. Amma kowa da ya shigo gaisuwa muryarsa ta fara canzawa, sun fara cewa “Allah ya sa dai”, ita kaɗai ce ba ta canza magana ba.

Sai marka ta zo, aka fara auna mana ranar da mudu.

Sama ta rufe kamar an kifa ƙwarya. Ba tsawa, ba iska, yayyafi kawai, safe da rana da yamma. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, ido na ruwa, tukunya ta ƙi tafasa. Bangon bayan gida ya fara zubowa. Tabarma ta yi sanyi, Nana ta kama tari. Ina hawa benci ina goge faifan cikin ruwa, alhali ba abin gogewa. Akwai wani ɗan akwati da ke raba wutar batirin sola. Ya fara ƙara, ƙyit, ƙyit, jefi-jefi, daga baya ya matso da ita kusa da kusa. Balki ta kai wayar tasha wurin mai injin wuta, ta dawo da ita yadda ta tafi, ba man fetur a garin. Masu sola duka halinmu ɗaya.

Wata safiya ta sauko da ledar daga reshe, ta zo ta durƙusa a gabana a shago. Balki ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ba ta ɗaga ba.

“Inna, wayar za ta mutu.”

“To sa ta.”

“In na sa su biyu duka za su ɗauke. Abin da ya rage bai kai na biyu ba. In an zare wannan, ɗan abin da ke shigowa zai riƙe wayar.”

Na dubi kwamfutar. Ruwa na ɗiga a cikin roba a kusurwa.

“Ni ba za ni taɓa ta ba,” ta ce. “Ya ce kar a kashe, ni ma na ji. Amma wannan cewa take shina nan, Inna. Waccan ce za ta iya gaya muna inda yake.”

Ta ajiye wayar a kan tebur, ta gyara goyonta, ta fita.

Na zauna a kujerarsa, wadda ban taɓa zama a kai ba. Na buga baƙaƙen uku. Ya fito. Na bi shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, na sake komawa. Na ce a raina, kai, ka yi haƙuri, ka ce yanzu, yanzun ta yi tsawo. Na yi bisimilla na zare igiyar.

Sai da ta ɗauke na gane ashe tana da wani ɗan huci da take yi, mara ƙarfi, wanda tun ranar da ya fita ke cikin gidan nan kamar numfashin mai barci. Shagon ya yi tsit. Na jona wayar, na ga ɗan layinta ya fara motsi. Na fita na hura wuta.

Washegari, ruwa bai tsaya ba, muna zaune mu biyu, ni da Balki, a ƙarƙashin darbejiya da buhu a kanmu, ledar ta yi ƙara. Balki ta ciro wayar, ta buɗe murya yadda ni ma za ni ji. Namiji ne, muryarsa a shaƙe, yana magana da sauri. Ya ce ya kuɓuto, yana wani gari a ƙetare, wayar wani bawan Allah ce aka ara masa, ba zai daɗe ba.

“Mutum biyu ’yan Sabon Birni munka zauna da su,” ya ce. “Kowa ya ba ni lamba na riƙe a ka, sun cakuɗe mini, ban san wace ce ta wa ba. Guda na can da ransa. Guda Allah ya yi mai cikawa. Ku gaya mini sunan naku, kar in ba ku labarin wani.”

Balki ta dube ni. Ta miƙo mini wayar.

“Mai Shago ne,” na ce.

“Inna, can ba mu da shago. Suna za ki ba ni.”

Na faɗa.

Ban san yadda zai fito ba, sai ga shi ya fito sumul, kamar bakin ya daɗe yana gwadawa ban sani ba. Mutumin ya yi shiru. A cikin shirun nan na ji komai, tun kafin ya ce in yi haƙuri.

Zazzaɓi ne. Bai daɗe a hannunsu ba, tun gero bai yi ciki ba. Ya ce su suka yi masa wanka da ɗan ruwan da suka samu, suka suturta shi da rigunansu, suka sallace shi, suka rufe shi a gindin wani kalgo. Ya ce mutum ne mai ba da dariya ko a can. Sai ya ce bari ya kira ɗaya lambar kafin mai waya ya karɓi abinsa. Na ce ya gaishe su, ya ce da su Allah ya fiddo nasu.

Ashe duk safiyoyin nan da nake karanta cewa yana ciki, ya riga ya fita. Ban ga laifinta ba. Abin da ya gaya mata ta riƙe, ba wanda ya zo ya gaya mata wani.

Rana ta fito bayan an watse daga zaman makoki. Gero ya nuna, aka ci tumu a gari, Tumba ta gasa ta kawo mana, na karɓa na kasa kai shi baki. Gonarmu ban san wanda ya girbe ta ba.

Da Balki ta fita takaba ta kunna kwamfutar. Komai na nan yadda ta ce: hotunan sunan Nana, takardun mutane, kogin nan na fuskarta. Takardar da ya bari rabi ce kaɗai ba ta dawo ba. Kwamfutar ta tambayi wa zai shiga, Balki ta shiga da nata sunan, wanda shi ya buɗe mata tun suna amare. Da shagon take riƙe mu yanzu. Danginta sun yi maganar ta koma gida, ta ce sai Nana ta yi wayo. Nana ta yi wayo har ta shiga makaranta, Balki ba ta sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Kowace yamma tana kashe kwamfutar da hannunta, a share wurin, da safe a fara sabo. Sau ɗaya na je na buga baƙaƙen nan uku. Sunan Balki na gani. Na ce Allah ya sa kullum ki shiga da ƙafarki ki fita da ƙafarki.

Ƙwaryar tana nan a bakin ƙofa. Ta tsage, na ɗinke ta. Tocilar Malam ba ta kamawa amma ban fidda ta ba.

Sunan kuwa sau ɗaya ke nan na faɗe shi a duniya, ga baƙon da ban taɓa gani ba, cikin ruwa. Ba na cewa al'adarmu ta cuce ni. Da ita na so shi, ya kuma san haka. Sai dai in marka ta zo irin ta yau, ina zaune ina jiran ashana ta bushe, nakan ga babur ɗin nan yana juyawa a ƙofar shago, kunu na hannuna da zafinsa. Suna ne mai sauƙi, gajere, mai kai wa nesa in an ɗaga murya. Da ya ji shi daga bakina, ko don mamaki da ya waiwayo.